Ansar: Yadda Sunan Masu Karɓar Baƙi Ya Koma Bakin Masu Ɗaukar Bindiga

Me ya haɗa mayaƙan Yaman da suka riƙa harbin jiragen ruwa a Bahar Maliya da makarantar da ke koya wa yara lissafi a Legas? Me ya haɗa 'yan bindigar dazukan Birnin Gwari da jam'iyyar da ta taɓa kafa gwamnati a Sudan? Kalma ɗaya ce ta haɗa su, wato Ansar. Shin su duka reshen bishiya ɗaya ne, ko kuwa kowa ya ari sunan ne ya yafa?

A watan Agustan 2025, ranar da Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya ba da sanarwar an kama manyan jagorori biyu na ƙungiyar 'yan bindigar nan ta Ansaru, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar Isha'i, rediyo na kan tabarma. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban tirela, ya ajiye kofin shayinsa ya juyo gare ni.

"Malam, to jikana fa? Uwarsa ta ce makarantar Ansaru ta sa shi a can Ikko."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Waccan Ansar-ud-Deen ce, makaranta ce zalla, kuma ta girme ka."

Ya yi hamdala, amma fargabar da na gani a fuskarsa ba ta bar ni ba. Sunan da muka taso muna ji a wa'azi cikin girmamawa, yau shi ne ke tsinka zuciyar kaka.

Tushen kalmar

Ansar Larabci ce, jam'in Nasir. Haruffa uku ne gindinta: nun, sad da ra. Daga wannan gindi muka samu Nasiru da Mansur, daga nan kuma muka samu kalmarmu ta yau da kullum, nasara. Duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya biya "Iza ja'a nasrullahi wal fathu" tun kafin ya san abin da take nufi.

Sai dai ba kowane taimako ake kira nasaru ba. Wanda ya kama maka ka ɗora buhu a ka ya taimake ka, amma bai yi maka nasaru ba. Nasaru shi ne ka ga an taso wa mutum, an fi ƙarfinsa, ka shigar masa har ya kuɓuta. Abin da ya fi kusa da shi a Hausa shi ne kai ɗauki. Da Bahaushe ya aro kalmar, sai ya riƙe ƙarshen al'amarin, wato galaba, ya saki farkonsa, wato ɗaukin da aka kai. Shi ya sa idan muka ji nasara sai mu tuna wanda ya ci, ba ma tuna wanda ya tsaya masa.

To tun a cikin ƙwayar kalmar akwai fuska biyu. Akwai mai goyon baya da zuciya ɗaya, irin wanda muke ce wa ɗan gani-kashe-ni, akwai kuma mai kare wanda aka zalunta, ko da abin zai kai ga zare takobi.

Wani zai ce, to Nasara fa, sunan da kakanninmu suka kira Turawa da shi, wanda har yau a Nijar ake cewa Annasara? Wannan daga sunan da Alƙur'ani ya kira mabiya Annabi Isa (AS) ne. Malaman tafsiri sun kawo bayani fiye da ɗaya. Wasu sun danganta shi da garin Nasira, inda Annabi Isa ya tashi. Wasu kuma sun danganta shi da amsar da Hawariyawa suka ba shi lokacin da ya tambaya su waye mataimakansa zuwa ga Allah, suka ce "nahnu ansarullah", mu ne mataimakan Allah, kamar yadda ya zo a Ali Imrana aya ta 52 da Saffi aya ta 14. Ke nan laƙabin Ansarullah da ake ji a labaran Yaman, almajiran Annabi Isa ne Alƙur'ani ya fara ambata da shi.

Mutanen Yasriba

Waɗanda suka mayar da kalmar suna na musamman su ne ƙabilun Ausu da Khazraju na garin Yasriba, wanda ya zama Madina. Manoman dabino ne, kuma 'yan uwan juna, amma gaba ta ci su. Kimanin shekara biyar kafin hijira suka gwabza yaƙin Bu'as, wanda ya lashe manyansu da yawa. Mutanen da suka gaji da binne 'ya'yansu ne suka haɗu da Manzon Allah (SAW) a lokacin aikin hajji.

A shekarar 621 mutum 12 suka yi masa mubaya'a a Aƙaba, kusa da Mina, ya haɗa su da Mus'abu ɗan Umairu ya je ya karantar da su. Da shekara ta zagayo, a 622, sai ga maza 73 da mata 2 sun sulale cikin dare zuwa wannan wuri. A wannan karon alkawarin ya fi nauyi: za su kare shi kamar yadda suke kare matansu da 'ya'yansu. Sun san abin da suke saya, domin ɗaukar wanda Ƙuraishawa ke nema daidai yake da jawo wa garinka gabar Larabawa.

Amma aikinsu na farko ba yaƙi ba ne. Masauki ne. Mutanen Makka sun iso ba gida, ba gona, ba jari, wasu da tufafin jikinsu kawai. Annabi ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari. Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya zo su raba dukiyarsa biyu, har ya yi masa tayin sakin ɗaya daga cikin matansa biyu domin ya aura. Abdurrahman ya sa masa albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Abu Ayyuba ya sauke Annabi a gidansa wata da watanni, har aka gama gina masallaci da ɗakuna. Suratul Hashri aya ta 9 ta siffanta su da cewa suna son wanda ya yi hijira zuwa gare su, suna fifita wasu a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata.

Yaƙi ya biyo baya, kuma ba su noƙe ba. Kafin Badar, a 624, Annabi ya yi ta cewa a ba shi shawara, domin alkawarin Aƙaba na kariya ne a cikin gari, bai haɗa da fita fagen fama ba. Sa'adu ɗan Mu'azu ya gane da su ake, ya tashi ya ce ko teku Annabi ya kutsa za su kutsa tare da shi. Cikin mutum ɗari uku da 'yan kai da suka halarci Badar, fiye da kashi biyu cikin uku Ansar ne. A Uhudu ma, mafi yawan shahidai 70 nasu ne, kuma ɗaya daga cikin matan nan biyu na Aƙaba, Nusaiba 'yar Ka'abu, tana cikin waɗanda suka tsaya suna kare Annabi da takobi lokacin da sahu ya watse.

Abin da ba su samu ba

Nan ne, a ganina, ainihin ma'anar sunan take, kuma nan ne masu aronsa a yau ba sa son a tsaya.

Bayan yaƙin Hunaini, a 630, an samu ganima mai tarin yawa. Annabi ya ba manyan Makka da ba su daɗe da musulunta ba raƙuma ɗari-ɗari, Ansar kuwa bai ba su komai ba. Abin ya sosa wa wasu samarinsu rai, maganganu suka fara yawo. Ya tara su su kaɗai, ya tuna musu ni'imar da Allah ya yi musu, ya kuma faɗi da bakinsa abin da su suka yi masa: ya zo musu an ƙaryata shi suka gaskata shi, an kore shi suka ba shi masauki. Sannan ya tambaye su, ashe ba su yarda mutane su tafi da tumaki da raƙuma ba, su kuwa su koma gida da Manzon Allah? Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe.

Shekara biyu bayan haka, ranar da Annabi ya yi wafati, suka taru a rumfar Banu Sa'ida da niyyar naɗa Sa'adu ɗan Ubada. Har wani daga cikinsu ya kawo shawarar a yi shugaba ɗaya daga gare su, ɗaya daga Muhajirai. Sayyidina Abubakar ya ce Muhajirai su ne shugabanni, Ansar su ne wazirai. Aka yi masa mubaya'a a nan cikin rumfarsu, a cikin garinsu. Daga ranar har aka gama halifanci, ba a taɓa samun halifa daga Ansar ba. Sun ba da gida da gona da jini, mulki ya tafi hannun baƙinsu. Abu Ayyuba kuwa da tsufansa ya bi rundunar da ta nufi birnin Rumawa, ya rasu a can, kabarinsa na Istanbul har yau.

Sudan: inda sunan ya zama na runduna

A 1881 wani malamin ɗariƙa mai suna Muhammad Ahmad ya bayyana a tsibirin Aba, a kan Farin Nilu, cewa shi ne Mahadi. Sudan a lokacin tana hannun Turkawan Masar, haraji ya gallabi talaka. Mutumin ya tsara tafiyarsa a kan sawun tarihin Annabi da gangan. Ficewarsa daga Aba zuwa dutsen Ƙadir ya kira ta hijira. Ya naɗa halifofi a matsayin Abubakar da Umar da Aliyu, ya yi wa shugaban ɗariƙar Sanusiyya tayin kujerar Usmanu, shi kuwa bai karɓa ba. Mabiyansa kuma ya hana a ce musu darwishai, ya ce sunansu Ansar.

Waɗannan mutane masu jibba mai faci-faci suka murƙushe rundunar Masar da Baturen Ingila Hicks ke jagoranta a 1883, suka ci Khartum ranar 26 ga Janairun 1885, inda aka kashe Janar Gordon. Mahadin ya rasu bayan wata biyar, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Ranar 2 ga Satumban 1898, a Karari kusa da Omdurman, suka fuskanci bindigogi masu sarrafa kansu na Kitchener, kwamandan rundunar Ingila da Masar. Kafin azahar an kashe musu mutum wajen 10,000, ɓangaren Ingila da Masar kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Turawa sun ci gaba da rubuta "darwishai" a rahotanninsu, su kuma suna kiran kansu Ansar. Rigimar wane suna za a kira mai ɗauke da makami ba yau ta fara ba.

Malamai da yawa na zamaninsa ba su yarda da da'awar Mahadin ba, kuma mulkin Halifa ya zo da yunwa da tsanani da 'yan Sudan ba su manta ba. Duk da haka, a nan ne kalmar ta samu ma'anar mai tirjiya ga mamayar baƙi. Ɗan Mahadin, Sayyid Abdurrahman, ya sake gina jama'ar ba da takobi ba, da noman auduga a tsibirin Aba, kuma a ƙarƙashin inuwarsa aka kafa jam'iyyar Umma a 1945. Jikan Abdurrahman, Sadiƙul Mahadi, ya yi firaminista sau biyu, daga 1966 zuwa 1967, da kuma daga 1986 zuwa 1989.

Wannan labari ya taɓo mu kai tsaye. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya amsa kiran Mahadin daga Balda, a arewacin Kamaru ta yau, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma, ko da yake Sakkwato ba ta bi shi ba. Ya haɗa kai da Rabeh, ya auri 'yarsa, daga baya suka ɓata, aka kashe Hayatu a 1898. Ɗansa Sa'idu ya tara jama'a a Dumbulwa ta ƙasar Fika, har Turawa suka tsorata suka kama shi a 1923 suka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru. Bayan yaƙin Burmi na 1903 kuwa, ɗimbin Hausawa da Fulani sun yi gabas, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Cikin masu noman audugar Aba akwai mutanenmu da yawa.

Makaranta, ƙwallo, har da 'yan gurguzu

A Larabcin yau, kalmar ta zama ta kowa. Mai karanta labarai zai ce ansar ɗin ɗan takara kaza sun yi zanga-zanga, yana nufin magoya bayansa. A Aljeriya haka ake kiran 'yan kallon da ke mutuwar son kulob ɗinsu, a Beirut kuma akwai tsohuwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna Al Ansar. Bangladesh tana da rundunar tsaron sa-kai ta gwamnati mai wannan suna, wadda aka kafa a 1948 tun ƙasar tana cikin Pakistan. 'Yan jam'iyyar gurguzu ta Iraƙi da suka shiga duwatsun Kurdawa suna yaƙin sunƙuru da gwamnatin Saddam a shekarun 1980, su ma Ansar suka kira kansu, alhali ba da'awar addini suke yi ba.

Dalili shi ne Larabawa da wannan kalma suka fassara partizan ta Turawa, sunan da aka san mayaƙan Tito na Yugoslabiya da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ita ma tana nufin ɗan gani-kashe-nin jam'iyya, tana kuma nufin mayaƙin sari-ka-noƙe. Amma asalinsu ya bambanta. Partizan daga kalmar Italiyanci mai nufin ɓangare ta fito, wato ana gane mutum da gefen da ya tsaya. Ansar kuwa ana gane shi da abin da ya yi wa wani.

A Najeriya, Musulmin Legas sun kafa Ansar-ud-Deen a 1923 domin 'ya'yansu su yi boko ba tare da an raba su da addininsu ba. Makarantar jikan Baba ke nan. A Ilori akwai Ansarul Islam ta Shehu Kamaluddin. Almajiran Shehu Ibrahim Inyas suna da tasu Ansaruddin. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna zamanin Sardauna, a 1962, ita ma daga wannan gindi sunanta ya fito. Duk waɗannan sun riga masu bindigar yau da gomman shekaru.

Me ya sa masu makami ke rububin sunan?

Domin suna ne da ke wanke mai shi tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya ce shi mai kai ɗauki ne, ya riga ya ce akwai wanda aka zalunta, kuma ba shi ya fara ba. Ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram a farkon 2012, wadda aka fi sani da Ansaru, ta kira kanta Jama'atu Ansarul Muslimina fi Biladis Sudan, wato masu kai wa Musulmi ɗauki a ƙasashen baƙar fata. Sudan ɗin nan ba ƙasar Sudan ba ce, tsohon sunan da Larabawa ke kiran yankinmu ne gaba ɗaya. Ta ce ta ware ne saboda kisan Musulmi da ake yi ba gaira ba dalili. Shekara guda bayan haka ta sace ma'aikatan gine-gine bakwai 'yan ƙasashen waje a Jama'are ta jihar Bauchi, ta kuma sanar da kashe su. An kama jagoranta Khalid al-Barnawi a Lakwaja a 2016, amma daga baya ta sake ɓulla a dazukan Birnin Gwari.

A Mali abin ya fi ciwo. Shehu Usman Madani Haidara yana da ƙungiyarsa ta wa'azi mai ɗimbin mabiya, Ansar Dine, shekaru da dama kafin Iyad Ag Ghali ya fito da tasa mai ɗauke da makamai da wannan suna. A 2012 ta Iyad ta kama Timbuktu, ta rushe hubbarorin waliyyai, laifin da ya sa kotun duniya ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahadi ɗaurin shekara 9 a 2016. Sai da Haidara ya yi ta fitowa yana bayyana wa duniya cewa ba shi da alaƙa da su. A 2017 ƙungiyar Iyad ta narke cikin gamayyar da ake kira JNIM, wadda ita ma akwai kalmar Nusra a cikin sunanta. A Burkina Faso kuma Ibrahim Dicko ya fito da Ansarul Islam a 2016, sunan da babu abin da ya haɗa shi da na Ilori sai haruffa.

Na Yaman lamarinsu daban ne, kuma a kansu aka fi samun saɓani. 'Yan Zaidiyya ne, wani reshe na Shi'a, daga lardin Sa'ada. Huthi da ake kiransu, sunan gidan jagoransu ne, Husaini, wanda aka kashe a 2004, su kuwa Ansarullah suke kiran kansu. Sun karɓe Sana'a a Satumban 2014, Saudiyya da ƙawayenta suka fara yi musu ruwan bama-bamai a Maris na 2015, daga Nuwamban 2023 kuma suka shiga kai wa jiragen ruwa hari da sunan tallafa wa Gaza. Masu goyon bayansu, har a cikinmu, suna cewa ga waɗanda suka cika sunansu, sun kai ɗauki lokacin da masu ƙarfi suka naɗe hannu. Masu sukarsu suna nuna ƙawanyar da suka yi wa birnin Ta'iz, da nakiyoyin da aka binne a gonaki, da yaran da aka kai fagen daga, da mutanen da ke tsare ba shari'a. Ni ban ga yadda ɗaya zai shafe ɗaya ba. Wanda ya tausaya wa Gaza bai kamata ya kasa jin kukan mutumin Ta'iz ba.

Abin da ya shafi talaka

Kowace daga cikin waɗannan ƙungiyoyi da tarihinta da aƙidarta, wasu ma gaba suke da juna. Mai bin Haidara da mai bin Iyad ba sa ga maciji, Ansarullah na Yaman kuma sun sha gwabzawa da Alƙa'ida, wadda Ansaru ta Najeriya ke yi wa biyayya. Idan aka cuɗe su wuri ɗaya, wanda ke shan wahala shi ne malamin Islamiyya da allon makarantarsa ke ɗauke da sunan, da ɗalibin da takardar shaidarsa ke ɗauke da shi, da duk wanda za a tsayar a shingen bincike a yi masa kallon tuhuma saboda kalmar da mai tambayar bai san asalinta ba.

Haɗari na biyu ya fi wannan. Saurayin da ya taso yana jin falalar Ansar a wa'azi, idan aka zo masa da sunan a ƙauyen da hukuma ta yi watsi da shi, aka haɗa masa da ɗan abin masarufi da alkawarin kariya daga ɓarayin daji, zai iya ɗauka sahun Sa'adu ɗan Mu'azu ya shiga. Abin da ya kamata a koya masa ya tambaya shi ne abin da tarihin ya nuna: wa suka saukar a gidajensu, me suka bayar daga nasu, kuma da aka zo rabon mulki da dukiya me suka yi? Mutanen Madina sun karɓi waɗanda aka kora. Arewacin Mali kuwa, a shekarar da masu wannan suna suka shige ta, dubban ɗaruruwan mutane ne suka bar gidajensu, wasu zuwa Muritaniya, wasu Nijar, wasu Burkina Faso.

Mun riƙe rabin labarin a bakinmu ba tare da mun lura ba, domin duk wanda rikici ya kora muna ce masa ɗan gudun hijira. Ɗaya rabin ne ba mu ba shi suna ba. Lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, jama'a suka kwararo Yola a ƙafa da bayan manyan motoci, akasarinsu ba sansani suka nufa ba, gidajen mutane suka shiga. Haka aka yi a Maiduguri, haka aka yi a Diffa. A 2019, da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina na bakin iyaka, ƙauyawan jihar Maraɗi ne suka fara tarbar su kafin motocin agaji su iso. Magidanci ya kwashe 'ya'yansa daga ɗaki ya ba matan da bai taɓa gani ba, uwargida ta ƙara ruwa a tukunya, aka buɗe rumbun geron da aka yi lissafin zai kai iyali damina.